Ƙahon 'Yan Marke

Akwai ranar Alhamis ɗaya da ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da Malam Buba ya tuɓe takalmansa a ƙofar ɗakin kwamfuta, a ofishinmu na Kazaure, ya ce a nuna masa wanda ya ƙaryata shi. Ku da kuka zo aikin nan bayanmu kuna yawan ƙorafin na cika matsa muku da gwaji duk lokacin da za a ɗauke manhaja daga wannan inji zuwa wancan. Na ma san wasunku suna ce mini Baba Sake-Gwadawa a bayan idona. Ban ji haushi ba, amma bari ku ji inda abin ya samo asali.

Shekarun da kuɗin mai ke yawo ne, muna ƙarƙashin Kano tukuna. An buɗe aikin haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Motar haƙa ɗaya ce tal, ƙauyuka kuwa kowanne na kuka, don haka dole a san inda ruwa ke gudu ƙasa da sauri, a fara da can. Mutum biyu ke awo. Duk wata sukan zagaya rijiyoyin gargajiya a kan babur, su zura igiyar awo mai dalma a baki, su rubuta zurfin ruwan a littafi. Malam Ado ke da Babura. Roni da Gwiwa na Malam Buba ne, wani dattijon Bafulatani daga wata ruga ta wajen Gwiwa, wanda ya bar kiwo tun yana saurayi ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci. Rubutunsa kamar an buga da inji. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya.

Awon nasu ba da hannu ake lissafa shi ba. Wani Bature masanin ruwan ƙasa, da muke ce wa Mai Lofe, ya rubuta furogiram, don a lokacin ba mu san kalmar manhaja ba, a wani harshen inji da ake kira Fotiran. Ana huda awon a jikin kati, kowace rijiya katinta, a kai Kano inda wata ƙatuwar kwamfuta take, bayan kwana uku a dawo mana da doguwar takarda mai jera ƙauyuka daga wanda ya fi matsuwa zuwa wanda zai iya jira. Mai Lofe yakan yi alfahari da cewa furogiram ɗinsa ba a yi masa wayo: in lambobi ba su yi kama da na gaskiya ba, watsar da su yake yi. Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

Ni kuwa ƙaramin jami'in lissafi ne, na yi kwas na wata shida a kan kwamfuta, wanda a zamanin ya isa a kira mutum gwani daga Kazaure har bakin iyaka. Da kwangilar Mai Lofe ta ƙare ya koma ƙasarsu, ya bar mana akwati biyu na kati, babu ko shafi ɗaya na bayani. A daidai lokacin ofis ya sayi ƙaramar kwamfuta mai faifai, aka kuma daina biya mana lokaci a ta Kano. Babban injiniyanmu, Alhaji Garba, ya kira ni.

"Hamisu, ba dai duka kwamfuta ba ce? Ka kwashe na can ka zuba a nan."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ya faɗa kamar juye gero ne daga buhu zuwa buhu, ni ma na amsa kamar haka ɗin ne. Ashe kowane inji da tsarin gidansa: yadda yake ajiye bayani daban, yadda yake karanta shi daban. Kuma kowanne da nasa tafintan, wato abin da ke juya Fotiran zuwa abin da shi injin yake ji. Tafintan Kano da na Kazaure duka sun ce sun iya Fotiran, amma sai ka ce Bakano da Badamagare a kasuwar Babura, Hausa ɗaya ce, in an zo ciniki kuwa sai an sake tambaya. Aka kwafe mini katunan a faifai a Kano, na kawo na ba sabon tafinta. Takardar ƙorafin da ya fito mini da ita ta fi furogiram ɗin kansa tsawo.

Sati biyar na yi ina fama. In na gyara layi ɗaya, uku su tashi. Inda ya fi ba ni wahala shi ne wurin karanta awon. Tsohon injin gurbi-gurbi yake ƙirgawa: gurbi ashirin na farko sunan gari ne, ko me ke ciki, na gaba lambobi. Sabon tafinta ya ƙi yadda Mai Lofe ya rubuta wannan wurin, ni kuma na gaji. Sai na ga wata gajeriyar hanya a littafin injin: a bar shi ya karanta da kansa, kalmar farko suna, abin da ya biyo baya lambobi. Da yake sunayen garuruwan a haɗe aka huda su, ba sarari a tsakiya, na gwada, ya karɓa. Na ɗauko tsohuwar takardar Kano ta Babura, don ita ce a saman kabad, na kwatanta da abin da sabon injin ya fitar. Daidai suke har lamba ta ƙarshe. Na rubuta rahoto cewa an kammala ƙaura lafiya, na sa hannu da wani irin lanƙwasa da na ƙirƙiro musamman don ranar.

Bayan damina aka shigar da sabon awo. Babura ta fito lafiya lau. Roni da Gwiwa kuwa, ƙauyuka goma sha ɗaya sun ɓace daga takardar kamar ba a taɓa kafa su ba. Wani ƙauye kuma, 'Yan Marke, ya hau can sama, wai ruwansa ya nutse ƙasa fiye da na kowa, shi za a fara kai wa motar haƙa.

Alhaji Garba ya shimfiɗa takardar a kan teburinsa ya dube ni ta saman tabarau.

"Ina sauran garuruwan?"

"Na shigar da su, ranka ya daɗe. Da hannuna."

"To ina suka tafi?"

Ban sani ba. Abin da ya kamata in faɗa ke nan, kalma uku. Amma gwani ba ya cewa bai sani ba, musamman gwanin da ya sa hannu da lanƙwasa. Sai na tuna alfaharin Mai Lofe, na ce, "Mai yiwuwa injin ne bai yarda da lambobin ba, ya watsar da su."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali. "Wato mutumin nan a gindin bishiya yake zama ya cika littafi."

Ban ce e ba. Ban kuma ce a'a ba, wannan ne laifina. Kafin azahar an buga wa Malam Buba takardar tuhuma: ya yi bayani cikin kwana bakwai me zai hana a sallame shi saboda awon ƙarya. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Litinin ta sama. In aka sallame shi a kan haka, ba fansho, ba komai, kuma duk ƙauyen da ya taɓa zura igiya a rijiyarsa sai ya ji dalili.

Na koma ɗakin kwamfuta na fara bincike, kuma a wannan satin ne na san abin da ake kira ɗaurewar kai. Na nemi tsofaffin takardun Kano na Roni da Gwiwa don in kwatanta, na tarar gara ta riga ni a sito. Na ce faifan ne ya lalace, na sake sabo, sakamako bai canja ba. Na ce janareta ne ke wasa da wuta, na jira ranar da lantarki ya tsaya cak, bai canja ba. Na sake shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya ina karantawa da ƙarfi kamar mai hadda. Na nemo wurin da furogiram ɗin ke watsar da lambobin banza na toshe shi gaba ɗaya, ina cewa yanzu dai dole su fito. Ba su fito ba. Wannan ya nuna mini cewa abin da na faɗa wa Alhaji ba gaskiya ba ne, amma bai nuna mini gaskiyar ba, kuma na san ba zan shiga ofishinsa da hannu biyu babu komai ba.

Ranar Talata na yi abin da ya ƙarasa rikita ni. Na juya jerin, na fara da ƙauyen ƙarshe na ƙare da na farko. Sai wasu daga cikin ɓatattun suka dawo, wasu da suke nan lafiya suka ɓace. Lambobi ɗaya, inji ɗaya, rana ɗaya. Na zauna ina kallon takardun biyu har na rasa wace ce ta farko. Direbanmu ya leƙo ya gan ni, ya ba ni shawara da zuciya ɗaya cewa a samo wanda zai yi wa ɗakin addu'a. Wallahi ban yi masa dariya ba, na dai ce a bari tukuna.

Ranar Alhamis da hantsi na ji tsayuwar babur. Malam Buba ya zo daga Gwiwa da littafinsa a cikin leda, takardar tuhumar a ninke a aljihun gaba. Bai nufi ofishin Alhaji ba. Ya tsaya a ƙofata ya yi sallama, ya tuɓe takalma, don ɗakin ne kaɗai mai darduma da na'urar sanyi.

"Malam Hamisu, an ce wani inji ne ya ce ban je ba. Ina so in gan shi."

"Baba, shigo ka zauna. Ga shi nan."

Ya daɗe yana kallonsa. Ina jin ya zaci wani abu ne mai girman motar haƙa.

"Wannan ɗin?"

"Shi ne, Baba."

"Ya taɓa zuwa Gwiwa?"

Ba da gatse ya tambaya ba, shi ya sa ta fi yi mini zafi. Na kasa kallon idonsa. Na miƙa masa takardar farko, ya sa tabarau mai ɗaurin zare a gefe ɗaya, ya fara bi da farce daga sama. A layin farko ya tsaya.

"'Yan Marke a sama? Garin da ke bakin fadama? Igiyar gaba huɗu mata ke jan ruwa da ita." Ya ƙara matso da takardar. "Kuma ina ƙahonsa?"

"Wane ƙaho, Baba?"

Ya buɗe littafinsa ya nuna mini ɗan waƙafin saman nan da ake sawa kafin 'yan. Shi ƙaho yake ce masa. Ya ce malaminsu na yaƙi da jahilci yakan ce harafi mai ƙaho da marar ƙaho ba dabba ɗaya ba ce, kuma tun daga lokacin bai taɓa barin ko ɗaya ba. Har inda ɗ take a farkon suna, da yake injin huda kati ba shi da ita, ya sa an riƙa huda masa ƙaho kafin harafin.

"Na sa masa ƙaho. Injinka ya cire."

Gaskiya raina ya ɗan ɓaci. Na ce, "Baba, aikinka ke rawa, kana maganar ƙaho?"

"To ai abin da na gani na faɗa, ɗana."

Ya ci gaba da bi. Da yake jerin shigarwar bin hanyarsa yake yi, yadda yake zagayawa a kan babur, sai ya shimfiɗa takardar sakamako a gabansa ya fara karanto hanyar da ka, yana duba wanda ya fito da wanda bai fito ba.

"Daga 'Yan Marke sai Kuka Uku, babu. Tudun Wake, babu. Rugar Ardo, babu. Garin Ma'aji, babu. Daga nan kuma ga su nan duka, har zuwa 'Yan Dutse." Ya kai farce kan sunan. "Shi ma an cire masa ƙaho. Bayansa Gidan Tabo babu, Sa'idawa babu, sai kuma suka dawo."

Haka ya bi hanyar har ya ƙirga goma sha ɗayan, sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Abin nan naka tsoron ƙaho yake yi ne? Da ya ga ɗaya sai ya ruga, ba ya tsayawa sai ya ci karo da wani."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ma'aji da ƙaho a tsakiya. Sa'idawa da ƙaho a tsakiya. Na jawo littafin injin, na buɗe shafin gajeriyar hanyar nan tawa, ga shi a ƙasa da ƙananan haruffa, wurin da na tsallake lokacin da nake aikin ƙaura. In ka bar injin ya karanta da kansa, ya ga wannan alamar a farkon kalma, ɗauka yake an buɗe zance, kamar yadda ake buɗe maganar mutum a rubutu. Duk abin da ya biyo baya, haruffa da lambobi da layuka, suna ɗaya ne a wurinsa, har sai ya ga wata alamar ta rufe. Wato ya haɗiye 'Yan Marke da garuruwan bayansa a matsayin dogon suna guda, ya yanke abin da ya shiga gurbin takarda ya buga, sannan ya ɗauki lambobin Garin Ma'aji, wanda ke kan tudu mai duwatsu, ya liƙa wa mutanen fadama. Tsohon injin bai taɓa damuwa ba, don shi gurbi yake ƙirgawa, ƙaho a wurinsa harafi ne kamar kowane.

Babura kuwa, da na yi gwaji da ita na sa hannu, Malam Ado ne ke rubuta ta, kuma Malam Ado bai taɓa sa ƙaho a komai ba tun da ya fara aiki. Ga wanda ya yi sakaci ya tsira, ga wanda ya kiyaye an rubuta masa takardar sallama. Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya saurara har ƙarshe.

"Wato ba lambobin ba ne."

"Ba su ba ne, Baba."

"Rubutun ne."

"Rubutun ma daidai yake. Ni ne."

Ya mayar da littafin cikin leda ya fita ya zauna a benci.

Na cire ƙahonin na wucin gadi na sake gudanar da lissafin, ƙauyuka goma sha ɗaya suka dawo, 'Yan Marke ya gangara ƙasa inda ya dace, Garin Ma'aji ya hau sama. Na ɗauki takardun biyu na shiga wurin Alhaji Garba. Sau uku na maimaita bayanin. A na uku ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Kai ne ka ce injin bai yarda da lambobinsa ba."

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ban sani ba ne, na ji kunyar in ce ban sani ba."

"Da yanzu motar haƙa tana hanyar fadama." Ya daɗe yana juya biro. "To a goge alamomin nan duka daga sunayen, a huta."

Na roƙe shi ya ba ni sati ɗaya in mayar da furogiram ɗin kan ƙirga gurbi, yadda ya kamata in yi tun farko. Ya yarda. Aka janye takardar Malam Buba a ranar, kwamiti bai zauna a kansa ba. Ni aka sa wa takardar gargaɗi a fayil, ta kuma ci mini ƙarin girman shekarar, ban yi ƙorafi ba don na ci ta da gumina.

Na zaci magana ta ƙare. Da wata ya zagayo, littafin Roni da Gwiwa ya iso teburina. Na buɗe, rubutun nan dai mai kyau, lambobi a jere. Amma Yan Marke, Yan Dutse, Maaji, Saidawa. Babu ƙaho ko ɗaya daga farko har ƙarshe. A wasu wuraren ma ana ganin inda biro ya taɓa takarda ya fasa. Takardar gargaɗin ba ta taɓa ni kamar yadda wannan littafin ya taɓa ni ba. Mutum ya shekara talatin yana rubuta sunayen garuruwan mutane daidai, ni da injina mun koya masa tsoro a sati ɗaya.

Ranar kasuwar Gwiwa na bi motar ofis na same shi a rumfar masu gyaran babur. Bayan mun gaisa na fito da littafin da sabuwar takardar sakamako, na nuna masa 'Yan Marke da ƙahonsa a buge.

"Baba, na zo ka mayar da su."

Ya duba takardar da kyau, ya kai farce kan alamar.

"Ya koyi karatu ke nan?"

"Ya koya, Baba."

"Kai fa?"

"Ina kan koyo."

Ya yi murmushi kaɗan, ya ciro biro daga aljihu, ya ɗora littafin a kan sirdin babur. Shafi-shafi ya bi, bai yi sauri ba, ni ina tsaye a rana ina riƙe masa leda, har ya mayar da na ƙarshe.

Daga nan na ɗauke furogiram ɗin Mai Lofe zuwa injuna huɗu daban-daban kafin in yi ritaya, kowanne da irin tasa fitinar. Abin da na koya shi ne, manhaja ba ita kaɗai take ƙaura ba. Tana tafe da ɗabi'un tsohon injin da ba wanda ya rubuta su, da hannun duk mutumin da ya taɓa cika mata littafi. In kun gwada da Babura ta yi daidai, Babura kawai kuka gwada. In kuma sakamako ya saɓa da maganar wanda ya je bakin rijiyar da ƙafarsa, ku fara tuhumar abin da kuka taɓa da hannunku, kuma in ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, don wani ne zai biya kuɗin kunyarku.

Shi ya sa har yau fayil ɗin gwajin da nake ba kowannenku ranar da ya kama aiki, layinsa na farko 'Yan Marke ne. Wasunku sun tambaye ni ko kuskure ne, su goge alamar. Kada wanda ya taɓa ta. Ta Malam Buba ce.